Ragar da Aka Kafa a Watan Haihuwa

Da almuru Eusebio ya tura kwalekwalensa zuwa gaɓar ciyayi don ya ɗago ragarsa. Tun farko bai kamata ya kafa ta ba. Watan Afrilu ne, lokacin da damisar ruwa, kifin shak ɗin nan mai dabbare-dabbare da ba ya cizon kowa, ke shigowa ruwa iya gwiwa don haihuwa. Kowane masunci a ƙauyen ya san ba a kafa raga a nan sai sun gama. Amma 'yarsa Maribel, mai cikin wata tara bayan ɓari biyu, ta tashi da kwaɗayin soyayyen kifi. Shi kuwa tun rasuwar matarsa Chayo, bakinsa bai iya ce wa yarinyar a'a ba.

Iska ta ɗauke cak. Sai warin laka da gishiri.

Ya ja raga, ta ƙi tasowa. Ya dira cikin ruwa yana lalube. Wata uwar damisar ruwa ce a ragar, cikinta fam, zare ya shaƙe ta. Sauran suka kewaye shi, jelarsu na gogar ƙwaurinsa.

"Chebo."

Mutum ɗaya ce ke kiransa haka, kuma shekara shida ke nan da ya binne ta.

"Tsohon banza," muryar Chayo ta raɗa daga bayansa. "Kai da ka fi kowa sani?"

"Chayo, yarinyar ce ta..."

"Yanke ragar. Yanzu numfashinsu ɗaya, ita da 'yarmu."

Ya zaro wuƙa. Teku ta fara kawo ruwa. Cinya. Ƙugu. Ƙirji. Laka ta riƙe masa ƙafa.

Zare ɗaya. Na biyu.

Uwar ta yi wata miƙa, 'ya'yanta suka sulalo suka shige ciyawa. Sannan ta daina motsi.

A bayansa aka fashe da kuka.

Wani hannu mai sanyi ya hankaɗa shi, ya cafki gefen kwalekwale da ƙyar.

Tun daga nesa ya hango mata cike da ƙofar gidansa. Doña Ofelia ungozoma ta miƙa masa jaririya a naɗe, ta kasa kallon idonsa.

"Wannan lafiyarta lau, Eusebio. Maribel kam, jinin ya ƙi tsayawa."

Washegari ya ƙone ragarsa. Har yau, duk Afrilu, yana zama gadin gaɓar daga la'asar zuwa almuru, yana kiran Chayo ya tambaye ta ko Maribel ta yafe masa. Ba ta sake amsawa ba.