Fentin Ƙarfe a Jikin Kabewa

Huzaifa ya sayar wa Haoua fentin da bai dace ba, kabewa arba'in suka lalace.

Ranar da ta shigo butikin kawunsa Buba, shagon fenti a kasuwar Katako, rungume da 'yar kabewa, ta yi masa bayani sarai. Wani otel ne ya ba ta aikin zane a jikin kabewa don ƙawata ɗakin cin abinci, bayan sati ta kwaso kayanta a yanka a yi miya. Gogan bai ji ko rabi ba, yatsunta masu lalle yake kallo. Don ya burge ta sai ya sauko da fentin mai, na ƙofar ƙarfe, mai sheƙi, ya ce babu irinsa.

Kwana huɗu zafin Yamai ya dafa su a cikin fentin. Waɗanda ba su ruɓe ba, kana yankawa sai warin esansi, wato fetur. Otel ya janye aikin.

Saƙonta ya shigo: "Mai fenti, ba aikin ne ya dame ni ba. Babana ne ya noma su a garkarsa ta bakin kogi, yau da hannunsa ya binne su. Ko abincin rana bai ci ba."

Ya mayar mata: "Laifina ne, Haoua. Ke nake kallo, ban saurare ki ba. Ara mini kabewa ɗaya in gyara."

Ta kawo. Kullum bayan la'asar suna gwaji a gaban butiki. Na zanen 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, gumin hannu ma goge shi yake. Na bango ya tsattsage. Akirilik na ruwa ne ya zauna, in an wanke kabewar ta bushe, aka shafa sama-sama, aka bar gindi da kara su sha iska. Kafin su gano wannan, ta koma kiransa mai fentina, shi kuma yana kiranta 'yar garkata.

Da Huzaifa ya je neman aurenta, Malam Anas, mahaifinta, ya ce sam. Akwai wani ma'aikacin dwan, wato kwastan, da ya daɗe yana zuwa gaisuwa, kuma shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai san darajar abinci ba. Da Huzaifa ya ƙi tashi daga durƙuso, tsohon ya dube shi.

"Yaro, ka san kwana nawa kabewa ke yi a ƙasa? Je ka noma mini arba'in da hannunka, sannan mu yi magana."

Kawu Buba ya ce butiki ba ya jiran manomi, in ya tafi ya ajiye makulli. Haoua ta tare shi da hawaye.

"Kada ka bar sana'arka domina, mai fentina."

"Fenti ko'ina akwai shi, 'yar garkata. Ke ce babu biyu."

Wata huɗu yana ɗiban ruwa daga kogi, tafin hannunsa ya faffashe, ita tana kawo masa fura da man kaɗe. Ranar girbi Malam Anas ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da yatsa, sannan ya ce ya turo manya.

An ɗaura aure a unguwar Zongo ranar Asabar da hantsi. Tsohon ya dafa kansu biyu, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kawu Buba ma ya zo, ya yi waliyyin ango, ya sa albarka har da kuka.

Makulli kam bai mayar ba, ya riga ya ba wani. Shekara tara Huzaifa ya yi a butikin nan yana jiran ranar da za a damƙa masa shi. Yanzu da safe garka yake tafiya, Haoua na bayansa a kan moto.