Ƙullin Ciyawa a Hanyar Dutse

A wani zamani can baya, an yi wata yarinya mai suna Tabawa. Wata safiyar damina ta ja ƙanwarta Dela su hau dutsen bayan gari, don su hango babban tafki. Kakarsu ta ce, "Duk inda hanya ta rabu biyu, ku ƙulla ciyawa."

Hanya ta rabu, Dela ta tsuguna ta ƙulla. Ta sake rabuwa, ta sake ƙullawa. A ta uku Tabawa ta daka mata tsawa: "Ke, bar ɓata mana lokaci! Ni na san hanya."

Suka kai ƙololuwa, ga tafki can ƙasa yana ƙyalli kamar sabon faranti. Ba su gama kallo ba sai hadari ya taso. Kurmin da ke jikin dutsen ya yi duhu, birai suka dinga kururuwa. Yaran suka gangaro a guje, har inda hanya ta rabu biyu. Tabawa ta dubi dama, ta dubi hagu, duk iri ɗaya. Ta kuwa san ɗayarsu bakin kwazazzabo take ƙarewa. Aka yi tsawa.

"Dela, ƙarya na yi," in ji ta. "Ban san hanya ba."

Dela ta laluba cikin ciyawa, ta kamo ƙulli. "Yaya, ai da kin juya baya nake ƙullawa."

Suka bi ƙulli, suka bi ƙulli, har gida, sun jiƙe sharkaf.

Kaka ta ce, "Sannu Tabawa, kin dawo min da ƙanwarki."

Tabawa ta sunkuyar da kai. "A'a, Kaka. Ita ta dawo da ni."