Fenti ta Ciki

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Asabar, ranar da aka buɗe farautar barewa, Dwight Rusk ya buga waya ofishin 'yan sanda da kansa. Ya ce ya harbi barewa a dajinsa, da ya isa wurin sai ya tarar mutum ne.

Sufeto Wendell Coy ya same shi zaune a bayan akori-kurarsa yana kurɓar kofi. Shekara biyar ke nan da Rusk ya zo daga birnin St. Louis ya saye dajin da duk muka taso muna farauta a ciki, kuma har yau bai san sunan maƙwabcinsa ko ɗaya ba.

Gawar tana rub da ciki kusa da rafi. Sufeto bai buƙaci a juya ta ba. Orval Tackett ne, tsoho ɗan saba'in da ɗaya, wanda ya koya wa rabin garin nan ɗaure ƙugiyar kamun kifi.

"Ka san shi?"

"Na san ɓarawo ne," in ji Rusk. "Dubi bishiyoyin can, duk an shafa musu fenti shunayya. Ko jaki ya san ma'anarta, kada a shiga. Ga shi ko falmaran ruwan lemo ta mafarauta bai sa ba. Mutum ya shigo daji da rigar ƙasa-ƙasa ranar buɗe farauta, laifin wa?"

"Ina bindigarsa?"

"Ni zan riƙe masa?"

Sufeto ya laluba aljihun mamacin. Babu harsashi, babu wuƙa. Igiyar kare ce kawai a naɗe.

Kafin azahar labari ya gama shagon shan kofi: Orval ya mutu yana satar farauta. Mutanen da suka ci kifinsa shekara arba'in su ne suka fi girgiza kai. Haka muke, ba ma jira gawa ta huce.

Verna, matar Orval, tana tsaye a baranda. Ba ta yi kuka ba.

"Mama Verna, sai haƙuri."

"Ajiye haƙurinka, Wendell. Na ji abin da ake faɗa. Mijina ko kwandon wani bai taɓa buɗewa ba."

"Me ya kai shi can?"

"Karenmu Biskit. Tun jiya karen bai dawo ba. Da gari ya waye muka ji kukansa ta wajen rafi, irin kukan da ba ya motsi daga wuri ɗaya."

"Ya sa falmaran?"

"Ni na zuge masa ita, don yatsunsa ba sa iya kama zif. Kuma in da fenti a hanyar rafi, da ya tsaya ya yi kira. Tsoho ne mai taurin kai, amma ba ya ƙetare shunayya."

Ta kama hannun rigar Sufeto. "Ranar Talata za a binne shi. Kada ka bari a binne shi da sunan ɓarawo."

A lokacin ne wani abu ya motsa a ƙarƙashin matakala. Biskit ne, ya lallaɓo gida da ƙafa uku, guntuwar igiya a wuyansa wadda ya tauna har ta tsinke. An karya masa ƙafar baya. Sufeto ya tsuguna ya ɗaga kunnensa na hagu. Gashin ya ƙandare da fenti shunayya.

Cletus Yancey, mai gadin dajin Rusk, yana fiɗar barewa a rumfa lokacin da Sufeto ya shiga. Ɗan garin nan ne, tare suka yi firamare.

"Yaushe aka shafa bishiyoyin rafi?"

"Bara waccan."

"Wa ya shafa?"

"Ni mana. Duk iyakar nan aikina ne."

"Zo ka nuna mini aikinka, ƙaramin maƙaryaci."

Suka taka har rafi. Sufeto ya tsallaka, ya tsaya a kan tsohuwar hanyar da ta fito daga gidan Orval, ya juyo yana fuskantar dajin.

"Zo nan. Me ka gani?"

Cletus ya duba. "Bishiyoyi."

"Fenti fa?"

Daga nan ko ɗigo ba a gani. Duk tabon shunayyar yana ɗaya gefen, ta ciki, yana kallon gidan Rusk.

"Ubanka ne ya koya mana shafa iyaka, Cletus. Daidai ƙirji, ta waje, inda mai shigowa zai gani. Wanda ya yi wannan yana tsaye ne a cikin dajinsa, yana sauri, kuma bai taɓa shiga dajin kowa da ƙafa ba. Kai ne za ka gargaɗi maigida kada ya shiga gidansa?"

Cletus ya goge hannu a wando. "Wendell, mutumin nan shi ke ciyar da ni."

"Orval ne ya tsamo ka daga kogi kana ɗan shekara tara. Ina falmaran ɗin?"

Cletus ya ce, "Maigida ya ba ni in ƙona. Na kasa. Tana cikin bokitin fenti a bayan rumfa."

Rusk yana falo ƙarƙashin kawunan barewa goma sha ɗaya lokacin da Sufeto ya dire bokitin a kan teburinsa.

"Yallaɓai, yaushe ka ce an shafa bishiyoyin?"

"Ka tambayi mai gadi."

"Na tambaye shi. Na kuma tambayi kare. Yana ɗaure a gindin bishiyar sa'ad da kake fesawa, har ka shafe masa kunne."

Sufeto ya sa safar hannu ya zaro falmaran ɗin ya ware ta. Inda fenti bai taɓa ba, ruwan lemon yana nan da haskensa. Ramin harsashi yana tsakiyar baya.

"Barewa mai zif ban taɓa gani ba."

Rusk bai firgita ba. Haushi ne ya kama shi, irin na wanda aka katse wa cin abinci.

"Ka san abin da karen nan ya yi mini? Akwai namijin barewa mai rassan ƙaho goma sha huɗu. Shekara huɗu ina binsa da kyamara, ina jira ya cika. Jiya da yamma yana gabana, wannan shegen karen ya kore shi ya tsallaka titi. Yanzu wani matsiyaci zai rataye shi a ɗakinsa."

"Sai ka ɗaure karen."

"Na taka masa ƙafa don ya kira ubangidansa. Ya kuwa kira."

"Da ya zo fa?"

"Na ce ya durƙusa ya ba ni haƙuri. Ko kallona bai yi ba. Ya juya mini baya yana kwance igiya, yana ce wa karen sannu, sannu." Rusk ya daki tebur. "A dajina! Da kuɗina!"

Sufeto ya sa masa ankwa. A bakin mota Rusk ya waiwayo ya ƙwala wa Cletus kira, ya ce kada ya manta ya sake wa kyamarori batir, ko barewar za ta dawo.

Da la'asar Sufeto ya koma gidan Verna. Falmaran ɗin tana cikin ledar shaida, ba zai iya ba ta ba, sai dai ya nuna mata. Biskit yana kwance a kan takalman Orval, ƙafarsa a ɗaure.

Ta ɗora yatsa a kan ramin ta bayan leda.

"Ashe Rusk ya gan shi."

"Ya gan shi sarai, Mama."

"Bai ƙetare fenti ba?"

"Babu fenti sa'ad da ya shiga."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauko mayafinta daga ƙusa.

"Kai ni shagon kofi. Ka shiga da ledar nan a hannunka, ka faɗa musu da bakinka, ina tsaye ina kallon fuskokinsu. Bayan nan sai in yi kukana."