Gajeriyar Ƙofar Otal Mahligai

"Ku mayar musu da kayansu!"

Tok Embun ta ture akwatin ganyen sire, wanda ake kawowa kamar goro wajen neman aure, da bayan hannu, har ganye biyu suka faɗo kan tabarma. Baƙin suka tashi sumsum suka nemi takalmansu. Jikarta Hazwani, wadda ta laɓe a kicin tana goga kwakwa, ta fito idonta cike da hawaye.

"Haba Tok! Me Irfan ya yi miki?"

"Shi bai yi min komai ba. Gidansu ne ya yi."

Duk wanda ya tashi a George Town ya san Otal Mahligai, farin ginin nan mai ginshiƙai a bakin teku. Turawa suka gina shi tun kafin yaƙin Japan, kakan Irfan ya saye shi da suka tafi. Wanda ya zana ginin ya yi wayo irin na mugunta: ya ɓoye lunguna cikin bango, don baƙo ya ci ya sha ya kwanta ba tare da idonsa ya faɗa kan mai wanki ba. Ma'aikata kuwa ƙofarsu tana baya, wata gajeriya da sai an sunkuya. Turawa sun tafi, dokar ta zauna daram.

A nan Tok ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wankin zannuwan gado, mijinta yana dakon akwatuna. Wata rana tana kasuwa aka ce mata ya yanke jiki ya faɗi a babban zaure.

"Na sheƙo da gudu zuwa babbar ƙofa," in ji Tok. "Ina hango ƙafafun kakanki ta gilashi. Maigadi ya ce in zagaya. Na roƙe shi don Allah, ya ce doka ce. Na zagaya, na sunkuya, na bi lungu. Kafin in iso an rufe masa fuska. Wannan gidan zan ba jikata? Ko sama da ƙasa za su haɗe!"

Irfan mai zanen gine-gine ne, shi ke kula da gyaran otal ɗin a lokacin. Da suka haɗu da Hazwani a bakin teku, taliyar laksa da ya saya mata har ta huce ba ta taɓa ba.

"Hazwani, mu tsallaka Thailand kawai a ɗaura mana aure. Abokaina biyu haka suka yi, simful!"

"Simful a bakinka. Matar da ta raine ni tun ina jaririya zan gudar wa? Abang, masoyina, ba zan shiga aure ta ƙofar baya ba. In shekara goma ce zan jira."

Maganar ta zauna masa a rai. Ya sami mahaifiyarsa, Datin Zaleha, mace mai ji da kanta wadda ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa, ya gaya mata abin da yake so a yi ranar sake buɗe otal.

"Ka haukace? Manyan gari su sunkuya kamar masu shara, saboda wata tsohuwa mai wanki?"

"Mama, kin taɓa shiga ta can?"

"Me zai kai ni?"

Wata da watanni yana bin ta. Ta yi faɗa, ta yi gaba da shi, bai fasa ba. Kowace Juma'a kuma sai ya je ya gaida Tok, ita kuwa ko shayi ba ta ba shi. Hazwani ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa kakarta murya ba. Ranar da Datin ta gaji ta bi ɗanta zuwa bayan otal ɗin don ya ƙyale ta, goshinta ya daki saman gajeriyar ƙofar. Ta bi lungun mai zafi da duhu, yana ba ta labarin matar da ta bi shi da gudu. Da suka ɓulla zaure ta tsaya tana haki, tana shafa goshinta.

Ranar buɗewa, da ƙyar Hazwani ta lallaɓo Tok cikin keken haya.

"Kallo kawai zan yi daga nesa, kada ki ɗauka na sauko."

Abin da ta gani ya sa ta gyara tabarau. Babbar ƙofa a rufe take ruf. Manyan gari da matansu, cikin siliki da gwal, sun yi layi a lungun baya, kowa na sunkuyawa yana dafe da hula.

"Kai! Dubi wancan mai tumbin, zai maƙale!" in ji Tok, dariya ta kusa ƙwace mata.

Sai babbar ƙofar ta buɗe. Datin Zaleha ce da kanta ta turo ta. Ta sauko matakala, ta kama hannun Tok ta kai goshinta.

"Mak, uwarmu, yau ke kaɗai aka buɗe wa. Mun makara, ki yafe mana."

Tok ta hau matakalar a hankali, kanta a ɗage. Ba ta kalli fitilun ba, ba ta kalli jama'a ba. Ta miƙe zuwa gindin wani ginshiƙi, ta durƙusa ta shafa daɓen.

"Ga ni na iso, Abang," ta ce da marigayi mijinta, hawaye na zuba.

Da ta miƙe, ta harari Irfan.

"Kai mai naci, ka ce su dawo da akwatin nan. A sa sabon ganye, wancan ya bushe."

Hazwani ta faɗa jikin kakarta tana kuka. Da ta bi ta Thailand, da ta sami miji ta rasa Tok. Ta yi haƙuri, ta sami duka biyun, domin zuciyar babba ba a fasa ta da ƙarfi, sai an sunkuya ake shiga.