Agwagwar Roba a Kan Teburin Yaya

Yaya, gidan da ka saya ya yi mana girma tun da ka tafi.

Kai ka koyi rubuta manhajar kwamfuta, ni na tsaya a walda. Duk sanda kamfanin nan na ƙasar waje ya ƙara maka albashi, sai ƙofar ɗakin aikinka ta ƙara rufuwa. Ko da ka kai matsayin da abokanka suke ta kira suna taya ka murna, an riga an koma ajiye maka abinci a bakin ƙofa. 'Yarka kaɗai ke dukan ƙofar da ƙafa tana cewa, "Baba, an tashi daga aiki." Shi ya sa ka laƙaba mata Manaja. Ni kuwa na ce girman kai ne, na ɗauke ƙafa. A ɗakin aka same ka, kife a kan tebur, iyafis a kunne.

Bayan rasuwarka na tare a gidan don in riƙa duba su. Wata magariba matarka tana kwashe shanya, Manaja tana aikin makaranta a falo, haske yana janyewa daga bango a hankali, sai dutse ya faɗo a kan rufi. Wani ya biyo shi. Na zagaya, titi babu kowa. Ina dawowa muka ji ana danna maɓallan kwamfuta a ɗakinka, ɗakin da makullinsa ke aljihuna.

Kullum rana ta faɗi, haka. Sannan Manaja ta daina magana, ta daina ci sai an ɗura mata. Takan je ta zauna a bakin ƙofarka, yatsunta na rawa a kan gwiwa irin yadda naka suke yi. Likita ya duba, bai ga komai ba.

Matarka ta kira wani malami mai ruƙiya, dattijo marar yawan magana. Ya ce a buɗe ɗakin. Ƙura ta lulluɓe kwamfutocinka, amma agwagwar roba ta wasan yara da ke gefensu fes take, kamar yanzu aka goge ta. Ya ce matarka ta jira a waje, ni in riƙe yarinyar. Ya fara karatu. Jikinta ya sanƙare a hannuna, sai muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Ina yake?"

"Wa?" in ji malam.

"Mai hira da ni."

Sai na tuna. Ka taɓa gaya mini cewa masu sana'arku, in manhaja ta ƙi, sukan ajiye irin wannan agwagwa su yi ta bayyana mata matsalar da baki, layi-layi, har su gano kuskuren da kansu. Ranar dariya na yi, na ce boko ya taɓa maka kai. Na gaya wa malam.

"Ka ji," malam ya ce wa muryar. "Ba da kai yake ba. Da roba yake."

"Roba tana ji ne? Ina kusurwar nan tun kafin a yi ginin. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Shi ya zo, safe da yamma: 'To abokina, duba nan.' Ni kuma ina dubawa. Ku kuna ina?"

Na kasa ɗaga kai.

"Ya rasu," in ji malam. "Yarinyar nan ba ta yi maka komai ba. Fita."

"Muryarta irin tasa ce. A bar mini ita."

"Ba za a bari ba."

Malam ya ɗaga karatu har ta fara shure-shure. Muryar ta yi laushi.

"To a ba ni agwagwar. A kai mu inda babu mutane."

"Ka yi alƙawarin ba za ka dawo ba."

"Na yi." Sai kan yarinyar ya juyo gare ni. "Kai ne mai walda? A kwanakinsa na ƙarshe ya daina yi mini zancen aiki. Gaisuwa yake gwadawa. 'Ƙanena, kana lafiya?' Sai ya ce a'a, wannan ta yi sanyi. 'Kai ɗan banza, ka manta da ni ko?' Ya yi dariya, ya ɗauki waya, ya ajiye."

Manaja ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a ƙirjina. Da ta buɗe ido ta ce, "Baffa, yunwa nake ji."

Malam ya naɗe agwagwar a ƙyalle. A bakin ƙofa ya ce mini, "Kada ka riƙe maganarsa. Aljani ba a shaidarsa da gaskiya."

Na ce to. Jifa ya tsaya, yarinya ta koma makaranta.

Amma Yaya, a duniya ba mai ce mini ɗan banza yana dariya sai kai. Gaisuwa ta biyun ce ta yi daidai. Da ka kira, da na ɗaga kafin wayar ta gama ƙara.

Matarka ta tambaye ni me aka ce a ɗakin, na ce karatu ne kawai. Har yau ban gaya wa kowa ba.