Ranar Da Rumbu Ya Ƙone

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Doguwa, tun Turawa ba su tafi ba, akwai wata yarinya mai saurin fushi. Abu kaɗan za a yi mata, sai ta ɗauki abin da ke kusa ta yi jifa.

Sunan babanta Maikano. A da ɗan dambe ne, har Tudun Wada ana tsoron hannunsa. Da ya karɓi Yesu Almasihu, sai ya bar dambe ya kama noma.

Wata rana da yamma, bayan girbi, Inna za ta rafi. Ta ce, "Ki kula da tukunya. Ga gari nan a ƙwarya."

Inna na fita, sai akuya ta shigo ta kifar da garin. Zuciya ta ɗebi yarinyar. Ta zaro itace mai wuta daga murhu ta jefi akuyar. Akuya ta goce. Itacen ya faɗa kan jinkar rumbu.

Nan take wuta ta tashi.

"Gobara! Gobara!" Yarinyar ta yi ta ihu.

Maƙwabcinsu Malam Zailani ya sheƙo da mutanen gidansa, kowa da tulu. An kashe wutar, amma dawar shekara ta zama toka.

Baba ya dawo daga gona. Ya tsaya ya dubi rumbun. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba," in ji ta. "Akuya na jefa."

Baba ya dunƙule hannunsa na dama. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Yarinyar ta rufe ido.

Shiru, ba ta ji duka ba. Da ta buɗe ido, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ƙaton mutumin nan ya durƙusa cikin toka, kansa a ƙasa. Ta ji yana cewa, "Ya Ubangiji, riƙe ni. Riƙe ni."

Malam Zailani ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah!"

Can Baba ya kira ta. Ta matso a hankali.

"Baba, ba ka yi fushi ba?"

"Taɓa hannuna ki ji."

Ta taɓa. Hannun da zafi kamar na mai zazzaɓi.

Baba ya ce, "Yadda fushi yake zuwa miki, haka yake zuwa mini. Ni kaɗai ba na iya masa. Amma in na kira Yesu, yakan ba ni ƙarfin kame kaina."

Ta fashe da kuka. "Ka gafarta mini, Baba."

"Na gafarta miki. Ki roƙi Allah ma. Gobe kuma tare za mu kwaɓa ƙasar sabon rumbu."

Ta sha aiki. Ta ɗebo ruwa, ta yanko ciyawa, har hannunta ya yi kanta. Mutanen majami'a suka kawo damman dawa. Malam Zailani ma ya aiko da nasa.

Bayan kwanaki, ƙanenta ya fasa mata 'yar tukunyar wasa. Ta ji zuciyarta ta taso. Ga dutse kusa da ƙafarta. Sai ta haɗa hannuwanta gam, ta ce, "Yesu, riƙe ni."

Fushin ya sauka a hankali. Ta yi mamaki, har ta yi dariya. Ta ruga ta faɗa wa Baba, ya ɗaga ta sama don murna.

Yara, fushi yana zuwa wa kowa. Amma wanda ya tsaya ya nemi taimakon Allah zai iya kame kansa, ya guji zunubi.