Baƙin Maɓalli

"Wa ya nuna maka wannan?"

Ɗalibin ya janye hannunsa daga kan piyano kamar ya taɓa wuta. Malama ta miƙe tsaye, rular da ke hannunta ta faɗi.

Wata uku ke nan yana zuwa falonsu koyon kiɗa, duk Talata da Asabar. Ya ce mata a kemis yake aiki, bai taɓa taɓa piyano ba. Wata ukun nan bai wuce hawan do-re-mi a kan fararen maɓallai ba. Babban yatsansa kullum sai ya harɗe a sauti na huɗu, ita kuma ta ɗana masa rula. A haka suka fara son juna, har ya yi maganar turo manyansa.

Yau ƙawar Malama ta biyo shi ciki, ta zauna a kujera tana murmushi.

"Ki ce ya fara daga maɓalli na biyar mana, mu gani," in ji ƙawar.

Ya fara. Da ya kai sauti na bakwai, yatsansa ya tsallake farin ya hau baƙi, ko kallo bai yi ba. Daidai ne. Duk wanda ya fara daga can dole ya bi ta baƙin, in ba haka ba hawan ya karkace. Amma Malama ba ta koya masa ba.

"Tambayarka nake!"

"Masoyiyata, ki tsaya..."

"Kar ka ƙara kira na haka!"

Ƙawar ta yi dariya. "Shekara shida yana buga wa ƙungiyar makaɗa piyano a wuraren biki. Ni na san shi tun kafin ke."

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Kemis ɗin ma gaskiya ne." Ya sunkuyar da kai. "An gaya min Umma ta rantse ba za ki auri makaɗi ba."

Haka ne. Mahaifin Malama makaɗi ne. Ya bi ƙungiyarsu tafiya tana shekara huɗu, bai dawo ba. Piyanon kawai ya bari.

Labule ya motsa. Umma ce, da tsintsiya a hannu.

Malama ta dafe ƙirji. "Innalillahi... Umma, wallahi ban sani ba!"

Umma ba ta kalle ta ba. Shi take kallo.

"Wato duk wannan ɓarnar da ta hana ni barcin rana, da gangan kake yi?"

"Da gangan ne, Umma. Ki yafe min."

"Rular fa?"

"Tana da zafi, Umma."

Umma ta juya ga ƙawar. "Ke, ɗauki jakarki."

Ƙofa ta rufu.

"Ubanki ko kwana uku bai taɓa haƙurin yi a kan abu ba," in ji Umma, tana kallon Malama. "Kai kuma ƙarya ka yi min a cikin gidana. Gobe ka zo da kawunka ka maimaita ta a gabansa, sannan a yi maganar sa rana."

Malama ta zame ta zauna a kan maɓallan. Piyanon ya yi ƙara, babu wanda ya ce mata ta tashi.